Ɓawon Ƙwai a Jakar Ɗiyata ta Fari

Assalamu alaikum iyaye mata na wannan gida, ina gaishe ku da aiki da ɗawainiyar yara. Adimin don girman Allah ki ɗora mini wannan ba tare da sunana ba, garinmu ƙarami ne, a Bagudo yake ta wajen iyaka, kuma akwai dangin mijina a cikin guruf ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya kai ni inda ko abinci na zuba wa yara sai na ji kamar laifi nake aikatawa.

Na daɗe ina bin abin da kuke ɗorawa a nan kan abincin tara na 'yan makaranta, ban taɓa cewa komai ba amma na ƙaru sosai. A nan na koyi cewa ba sai da firij da tuffa da kayan kanti ake cika wa yaro kula ba. Ƙaramar ɗiyata tana aji ɗaya a firamare, tun tana nazare nake haɗa mata da abin da kasuwarmu ta bayar, yau awara da ɗan yaji kaɗan, gobe dafaffen dankali da garin ƙuli, wata rana alala a ƙaramin gwangwani, wata rana kwaɗon zogale, in ɗora dabino ko gyaɗa ko aya a gefe. In kifi ya yi araha daga bakin kogi in gasa in cire ƙaya tsaf in sa mata. Na sha kuskure ma, na taɓa sa kankana ta jiƙe littattafai, na taɓa sa kunun aya ya yi yauƙi kafin a fita tara, daga nan na koma zoɓo mai ƙarancin sukari ko ruwa zalla. To wannan kular ce ta jawo mini abin da nake ciki.

Ina da wata ɗiya, ita ce ta fari, shekararta tara. Ba ta hannuna. Ana yaye ta maigidana ya ɗauke ta ya ba yayarsa, wadda muke kira Hajiya, saboda Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu har ya zama mutum. Ba a tambaye ni ba, sanar da ni aka yi, kuma ko an tambaye ni me zan ce, kun san yadda muke da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa gaban mutane, ba ka nuna ka san yana duniya. Ranar da aka zo tafiya da ita na shiga ɗaki na kama ninke wanki, mata suna ta yaba mini a tsakar gida, wai ga yarinya mai kunya, ga 'yar gidan mutunci. Har yau ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, ko a nan na gwada rubutawa hannuna ya ƙi. Kowa Ta-Gwaggo yake ce mata, ni ma haka zan ce. Hajiya take kira Inna, ni kuma Anti, ko da yake ta san ni na haife ta, ba a ɓoye mata ba.

Ba zan ɗauki alhakin Hajiya ba, tana son yarinyar nan kamar ranta. Ba ta taɓa barinta da tsumma ba, takalmi da jaka kowane zango sabo, ɗan kunnen zinari tun ba ta iya magana ba. Amma Hajiya 'yar kasuwa ce, tana ƙetara iyaka ta sari kaya, biskit da alawa da garin jus katan-katan, ta raba wa masu shago daga Illo har Kende. Sau da yawa ta fita tun da duhun asuba, wani lokacin ta kwana can. A wajenta abin da ke cikin leda mai ƙyalli da rubutun Faransanci shi ne gata, awara da ƙuli kuwa abincin 'ya'yan da ba su da galihu ne. Don haka karin yarinyar shayi da biskit, abincin tararta biskit da jus mai rina harshe, in ta dawo ta tarar ba kowa ta sake buɗe katan. Ɗaki guda ne cike da kayan, ba mai hana ta.

Bara ta yanke jiki ta faɗi a filin asambuli. A bakin maƙwabciya na ji, ba wanda ya ga ya dace a gaya mini. Aka kai ta asibiti aka auna, suka ce jininta ya yi ƙasa, suka ba da maganin ƙarin jini, suka ce a dage da wake da ganye da kifi da hanta da ƙwai. Na je dubiya kamar kowace baƙuwa, na zauna bakin ƙofa na ce ya mai jiki. Tana kwance, leɓenta fari fat, haƙoranta na gaba sun fara baƙi ta gefe, ga kwalin jus a kusa da kanta. Hajiya ta ce ba wani jini, bakin mutane ne ya kama mata ɗiya don sun ga tana shiga mai kyau. Aka sha rubutu, aka sha magani har ya ƙare, aka koma katan. Na yi wa maigidana magana sau ɗaya a hankali, ya ce in bar wa mai ɗiya ɗiyarta. Na haɗiye, na dawo gida na yi kukana a madafa inda za a ce hayaƙi ne.

Da ƙaramar ta shiga firamare sai suka haɗu makaranta ɗaya. Ba a jima ba na lura kularta tana dawowa a share tas kamar an wanke, ita kuma tana shigowa da yunwa tana ƙorafin ciki, yarinyar da a da sai na yi faɗa kafin ta cinye rabi. Ran nan ina kakkaɓe jakarta sai ga ledojin biskit masu rubutun Faransanci, irin da ba mai kawo su garin nan sai mutum ɗaya. Na zaunar da ita na tambaya, ta ce ai Yaya ce take zuwa ajinsu in an fita tara, ta ba ta biskit da jus, ita kuma ta ba Yaya kula. Ta ce Yaya har yatsa take sawa ta lashe garin ƙuli a kusurwa. Ba ni na aika mata ba, ba ni na kira ta ba, yarinya ce jikinta ya gaya mata abin da yake nema ta bi ƙanshi ta je.

Ban gaya wa kowa ba. Na sayi kula mai ɗan girma, na fara zuba na mutum biyu, na ce wa ƙaramar ku ci tare, biskit ɗin kuma ki bar mata abinta. Wannan zangon shi ne mafi daɗin da na taɓa yi tun da na yi aure, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ta cikin kular nan na san ɗiyata. Na gane ba ta son zogale in an sa albasa da yawa, don sai ta tsince ta tara a murfi. Na gane tana son wagashi, cukun nan na Fulani, in na soya shi ya yi ja. Na gane dankali ya fi mata rogo, kuma tana cin dabino ta jera ƙwallayen a gefe ɗaya kamar yadda nake yi, abin da ba wanda ya koya mata. Kowace rana in an tashi sai in buɗe kular ni kaɗai in duba me aka ci me aka bari, kamar mai karɓar gaisuwa. In ta biyo Hajiya gidanmu ranar Juma'a ta ce Anti ina wuni, in amsa ina kallon wani wuri yadda aka saba, amma ta gefen ido ina ganin kumatunta sun fara cikowa. Har Hajiya da bakinta ta ce rubutun malaminta ya yi aiki, na ce ƙwarai kuwa.

Ƙwai ne ya tona mu. Kajina suka fara saka, na ce tunda asibiti sun ambace shi bari in riƙa dafa biyu ina sawa. Na san Hajiya tana cikin masu cewa ba a ba yaro ƙwai, wai yana koya masa sata, balle ɗiya mace, amma na ɗauka abin da aka ci a makaranta ya ƙare a makaranta. Ashe yarinyar ba ta cinye nata a can, sai ta adana shi a aljihun jaka don ta ci da yamma in gida ba kowa. Ta ci, ta rasa inda za ta jefa ɓawon kada a gani, ta riƙa tura shi can ƙasan jaka. Wari ya sa Hajiya ta zazzage jakar. Ta tsare ta da tambaya, da ta ƙi magana ta ɗauko mata bulala, abin da ba ta taɓa yi ba, yarinya ta faɗi komai.

Da la'asar ta shigo gidana ko sallama babu, ɓawon ƙwan a ƙulle a leda, ta zube mini shi a kan tabarma gaban maƙwabta biyu da suka shigo kitso. Ta ce na tona mata asiri a gari, na nuna wa malamai da yara cewa yunwa take bar wa ɗiya. Ta ce na raina ta don ba ta haihu ba, shi ya sa nake bi ta bayan gida ina janye abin da aka ba ta. Ta ce wa ya san me nake barbaɗawa a ciki, don kwanan nan yarinyar ta faye yawan zancen gidanmu. Maganar da ta fi tsaya mini ita ce da ta nuna ɓawon ta ce, "Ga shi nan, an ce ƙwai na sa sata kin ƙi ji. Ɗiyad da ba ta taɓa ɓoye min komi ba, yau ita ag ga cin abu ɓoye awa ɓera. Ke kik koya mata." Na buɗe baki na ce Hajiya asibiti ne suka ce, ba ta bari na ƙarasa ba, ta ce asibiti ne suka yi mata goyo da jinyar ƙyanda, ko ni ce? Na duƙa na hau tsince ɓawon, don in na amsa wannan sai an kwana ana yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ta wani gefen ba ƙarya ta yi ba, yarinyar ta koyi ɓoyo. Amma wa ya sa ƙwai guda ya zama abin ɓoyo? A gidan da katan ɗin alawa yake a buɗe dare da rana, dafaffen ƙwai ne kayan laifi.

Maigidana ya dawo ya tarar an riga an kai masa ƙara a waya. Bai tambaye ni me ya faru ba, bai tambayi lafiyar yarinyar ba, shi da ya je asibitin da ƙafarsa ya ji abin da suka ce. Cewa ya yi na ci amanarsa, na sa yayarsa kuka, matar da ta sayar da kayan ɗakinta don ya yi karatu. Ya ce, "Abin da anka ba da an ba da shi, ni ba ni lashe amaina." Na ce ban ce a dawo da ita ba, abinci kawai na ba ta, ko ɗiyar maƙwabci ce ta zo da yunwa ai zan ba ta. Ya ce da ɗiyar maƙwabci ce da ba komai, matsalar tawa ce. Ku ji fa, duk yaran garin nan ina da ikon ciyar da su, ban da wadda na ɗauka wata tara.

Na kai kuka wajen mahaifiyata ina zaton ko ita za ta fahimta, sai ta rufe ni da faɗa, wai na zubar mata da mutunci, ina aka taɓa jin uwa tana wannan rawar kai a kan ɗiyar fari. Ta ce ita ma an karɓi yayanmu tun yana rarrafe, ba ta taɓa bin sawunsa ba, ga shi ya girma. Na so in ce mata ya girma, amma ko da Sallah sai an tuna masa yake zuwa gaishe ki, na dai riƙe bakina. Ta ce in ɗauki goro in je in durƙusa in ba Hajiya haƙuri, tun abin bai zama na manya ba.

Ya riga ya zama. Hajiya ta je makaranta ta ce ba ta yarda ɗiyarta ta ci komai daga hannun kowa ba, kuma kada a bar ta ta shiga ajin ƙanana. Malamai ba su da yadda za su yi, ita ce ta sa ta makarantar, ita suka sani. Yanzu in an fita tara Ta-Gwaggo tana zama a aji da ledarta. Sannan ta aiko wa maigidana cewa in aka yi hutun wannan zangon za ta ƙetara da ita, dangin mijinta suna can ɓangaren Benin, ta sa ta makaranta a can ta huta da sa ido. Kun san ba nisa ba ne a ƙafa, amma a gare ni daidai yake da bayan duniya, matar aure ba ta tashi ta ce za ta ƙetara iyaka ganin ɗiyar da ko sunanta ba ta kira. Ko Juma'ar nan da nake satar kallonta za ta ƙare. Kuma in ta sake faɗuwa a can, ko maƙwabciyar da za ta gaya mini babu.

Maigidana ya ce hanya ɗaya ce, in je in ba da haƙuri gaban waɗanda aka yi abin a gabansu, in rantse ba zan ƙara ba ta ko ƙwayar gyaɗa ba, shi kuma zai lallashi yayarsa ta bar ta a gari. In na ƙi, ya ce kada in zarge shi da duk abin da ya biyo baya, kuma na san me yake nufi, ga ƙaramar ga na goye. Wata malama a makarantar, wadda ita ta ɗauke ta ranar da ta faɗi, ta kira ni a ɓoye ta ce in riƙa aiko da abincin wajenta, za ta san yadda za ta yi. Na gode mata amma ban amsa ba, don in ya sake fitowa aikinta zan ci, kuma bulala ta biyu a jikin yarinyar za ta sauka. Wata ƙawata kuma ta ce in tara manyan dangi in ce a ba ni ɗiyata kowa ya huta, ai ba a raba hanta da jini. Da sauƙin faɗa. An raba, tun tana shekara biyu, kuma da yabo aka raba.

Ina jin haushin kowa. Ina jin haushin Hajiya da ta fi son a ce ta iya riƙo a kan yarinyar ta yi jini. Ina jin haushin mijina da yake biyan alherin da aka yi masa da ɗiyata. Ina jin haushin matan da suka yaba mini kunya, don ba ɗaya daga cikinsu da ta zo ta ga leɓen nan fari. Wani lokacin har guruf ɗin nan nake jin haushi, in na ga kuna ɗora hotunan kuloli kuna tambayar me za a sa wa yaro mai tsandar ci, ni tawa tana son ci, hanawa aka yi.

Hannuna ya saba, har yanzu na mutum biyu nake zubawa, rabi ya tafi ya dawo. Shekaranjiya na soya wagashi, na sa dankali da garin ƙuli. Ƙaramar ta dawo ta ajiye kular, ta ce Yaya ta kira ta ta taga da aka fita tara. Na ce me ta ce. Ta ce cewa ta yi, "Ki ce ma mamanki ta bar sa nawa, ƙamshin har ajinmu shika zuwa." Ta faɗa ta wuce wajen wasanta. Na buɗe kular, rabin Ta-Gwaggo yana nan yadda na jera shi, ƙaramar ko taɓawa ba ta yi ba.

"Mamanki" ta ce, ba mamanmu ba.

To iyaye, ku da kuka haifa da ku da kuka riƙa, ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci, amma don Allah kada ku ce mini haƙuri kawai, shi nake yi tun ranar yaye. In je in durƙusa in rantse, ta zauna a gari ina ganinta tana ƙanjamewa a kan biskit? In karɓi tayin malamar in ci gaba da ciyar da ɗiyata kamar ɓarauniya? Ko in tara dangi in kira sunanta da bakina a gabansu in ce a ba ni ita, ko da igiyar aurena za ta tafi? In akwai wadda ta san yadda ake shawo kan mai riƙo ta canja abin da take sa wa yaro a jaka ba tare da ta ji an raina ta ba, ta taimake ni, ni ko a ce dabarar daga wajenta ta fito na yarda. Hutu ya matso. Gobe ma akwai makaranta, na jiƙa waken awara, ban san ko na mutum ɗaya zan zuba ko na biyu ba.